Arzika da Ƙwan Birnin Murjani

A gaɓar Bahar Maliya, inda mahajjatan ƙasar Hausa na zamanin tafiyar ƙasa kan sauka su jira jirgin ruwa, an taɓa yin wani ƙauye da ake kira Zangon Gishiri. A cikin wata shekara haihuwa ta tsaya a ƙauyen nan cak. Kaji suka kwanta kan ƙwai har suka rame, da aka fasa sai aka tarar babu kome ciki sai ruwan gishiri. Awaki suka yi ta yawo cikinsu yana jan ƙasa. Mata masu juna biyu watanninsu suka cika har suka wuce. Naƙuda takan taɓa mace da hantsi, kafin azahar ta janye kamar yadda teku ke janyewa daga gaɓa.

Cikin matan nan akwai Tumba, matar Arzika. Shi Arzika Basarke ne, masunci ɗan masunta daga gulbin Kabi, wanda ya taso da matarsa da niyyar hajji, zama ya riƙe su a bakin teku. Sun daɗe ba su ga haihuwa ba, har furfura ta fara yi masa sallama, wannan kuwa shi ne cikin farko.

A ƙasarsu, idan rani ya yi nisa gulbi ya yayyanke, kifi kan taru a gurbi guda. Kowane Basarke ya san irin wannan kifi kwanansa ya ƙare, in ba a kama shi ba rana da tsuntsaye za su cinye shi, saboda haka kwashe shi duka ba zalunci ba ne. Kafin a shiga sai a gai da mai ruwan, in ruwa ya yi shiru, an ba da izini ke nan. Da wannan sani Arzika ya zo teku, kuma da shi ya yi ɓarna.

Wata rana, kafin haihuwar ta tsaya, da la'asar sakaliya ya hangi wata kafa tsakanin duwatsun murjani, kifi ya cika ta maƙil, jajaye da masu ɗigo-ɗigo, har launin ruwan ya sauya. Suna tasowa sama biyu-biyu kamar an harba su, su koma ƙasa, ruwan yana yin fari kamar an zuba masa nono. Arzika ya ce a ransa ruwa ne ya yanke musu. Ya gai da ruwan irin gaisuwar gulbi, ya saurara, bai ji kome ba. Ya datse bakin kafar da taru, ya ja. Kifayen ba su gudu ba, ko da taru ya matse su ba su daina tasowa biyu-biyu ba. Wannan ya isa ya tsorata mai hankali, amma shi murna ya yi. Zango duka aka ci, aka yi banda, aka yi ta sa masa albarka.

Da cikin Tumba ya wuce lokaci, ƙafafunta suka kumbura har ba ta iya tsayuwa, sai Gwaggo Hajo ungozoma ta fito daga ɗakin ta same shi a tsakar gida yana gyaran taru.

Ta ce, "Ajiye wannan tsiyar, ɗan nan, ka dube ni. Na sa kunne a cikin matarka. Ka san abin da na ji?"

"Me kika ji, Gwaggo?"

"Teku. Tun ba a haife ka ba nake yankan cibi, ban taɓa jin ciki yana igiyar ruwa ba. Kifin nan da ka ciyar da mu, da na fede shi duk ƙwai ne, hannuna har gwiwa. Wa ya gaya maka ruwa ya yanke musu? Teku ce za ta ƙafe, don kai ka zo daga Kabi?"

Arzika ya ce, "Na gai da ruwan, Gwaggo. Shiru ya yi."

"Ni ma in baƙo ya gaishe ni da harshen da ban sani ba, shiru nake yi. Wannan ba ya nufin ya shiga ɗakina ya kwashe tukwane. Yarinyar nan ba za ta daɗe a haka ba. Ka je inda ka ɗauko, ka ji abin da ake nema."

Ya leƙa ɗaki. Tumba tana jingine da bango, ta ɗago kai da ƙyar. Ta ce, "Maigida, ina za ka?" Tun ranar da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a bayan idonsa; in za ta ambaci arziki ma sai ta ce wadata. Ya ce mata yanzu zai dawo, ya ɗauki gorarsa ta iyo ya fita, bai iya haɗa ido da ita ba.

Ya rungumi gora ya yi iyo har kafar nan. Babu ko kifi ɗaya. Ya yi sallama, ya faɗi sunansa da na ubansa, ya ce shi ne mai tarun. Sai wani ɗan kifi siriri, mai shuɗin zane daga baki har wutsiya, ya ɗago kai daga ruwa ya dube shi.

Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, ka yi jinkiri. Ni ne Wanzamin Birnin Murjani, an aiko ni in jira ka. Saki gorar."

"In na sake ta zan nitse, ranka ya daɗe."

"Nitsewa ka zo yi."

Ya saki. Wasu korayen kifaye masu baki irin na aku suka kewaye shi, suka tofa masa wani yauƙi da ya lulluɓe shi daga kai har ƙafa, sai ya ji yana numfashi a cikin ruwa kamar yana tudu. Suka gangara, hasken rana yana shuɗewa a bisansu, har suka iso wata ganuwa ta azurfa wadda ba a ganin iyakarta. Da ya matso sai ya ga ba gini ba ne, kifaye ne ƙanana, jiki da jiki, suna juyawa tare kamar rai ɗaya gare su. A gefe kuma wasu dogayen kifaye masu haƙora kamar zarto sun tsaya cik, ba su motsa ko wutsiya, suna kallo.

Wanzami ya ce, "Birninmu ba shi da ƙofa sai wannan. Shiga cikinsu. Kada ka nemi hanya, kada ka dubi gaba. Dubi na damanka da na hagunka kawai, in sun juya ka juya. Masu haƙoran nan ba sa iya zaɓen ɗaya daga cikin taro, idonsu rikicewa yake yi. Wanda ya ware, shi suke jira."

Arzika ya shiga. Azurfa ta rufe shi ta kowane gefe, ya rasa sama ya rasa ƙasa. Duk rayuwarsa shi ke duban ruwa ya yanke inda za a nufa, yanzu kuwa an ce ya bi kafaɗar abin da bai kai yatsarsa ba. Taron ya karkata, shi ma ya karkata. Taron ya tsage biyu, wani dogon baki ya ratsa ta tsakiya, suka sake haɗewa. Can ya hangi wani sarari a buɗe, ga hasumiyoyin birni kusa kamar ya miƙa hannu, zuciyarsa ta ce masa ya ruga. Kafin ya motsa, wani ɗan kifi da ke damansa ya riga shi. Bai yi nisan kamu ɗaya ba aka ga walƙiya, sai ɓawonsa kawai yana sauka a hankali. Arzika ya mai da idonsa kan na hagu, bai sake duban sarari ba har taron ya zubar da shi a cikin gari.

Birni ne da ba a gina da hannu ba. Soraye ja da rawaya da shunayya sun tsiro kamar itatuwa, wasu kamar ƙahon barewa, wasu kamar faifai bisa faifai. Amma unguwa bayan unguwa suka wuce babu kowa. Gansakuka ta hau bango tana shaƙe tagogi, wasu gidaje sun yi fari fat kamar ƙashi. A ƙofar kowane gida akwai ɗan fili da aka share tsaf, an zagaye shi da tsakuwa.

Arzika ya ce, "Waɗannan fa?"

Wanzami ya ce, "Shimfiɗar 'ya'ya ce. Maza ne suka share kafin su tafi wurin biki. Kai ka fi ni sanin inda suke."

Arzika ya kawar da kai, suka wuce.

A ƙofar fada akwai wani faffaɗan dutse inda aka yi layi. Wanzami ya ce ba mai ganin Sarki sai an tsabtace shi, kuma a kan dutsen nan ba a cizo, ba a gudu. Aka zaunar da Arzika tsakanin wani ƙaton kifi mai fatar toka, wanda bakinsa zai ɗauke mutum rabi, da wani mai jikin maciji da ke buɗe baki yana rufewa dab da kunnensa. Ƙananan wanzamai suna shiga bakunan dodannin nan suna tsince musu haƙora suna fitowa lafiya.

Mai fatar toka ya juyo da ido ɗaya ya ce, "Wanzami, wannan ne mai tarun? Na ɗauka zai fi haka girma."

Wanzami ya ce, "Buɗe baki ka yi shiru, ba a gama da kai ba."

"Ina tambaya ne kawai. In ya sauka daga dutsen, wa ke da shi?"

Da layi ya zo kansa, wanzamai suka hau jikinsa. Daga ƙarƙashin faratansa, daga gemunsa, daga tsagar tafin hannunsa suka yi ta ciro ɓawon kifi ja, suna tarawa a gabansa har tarin ya kai ƙirjinsa. Kowane ɓawo in an cire shi sai ya ji kamar an zare masa jijiya. Ya so ya tashi ya gudu, ya tuna da mai fatar toka, ya zauna.

Sarkin Birnin Murjani yana cikin wani kogo, kifi ne da girmansa ya kai na ɗaki, jikinsa duk tabo. Arzika ya faɗi ya yi gaisuwa.

Sarki ya ce, "Ɗago, ɗan Adam. Ka san abin da ka tarar a kafar nan?"

"Allah ya ja zamaninka, na ɗauka kifin gurbi ne da ruwa ya yanke wa."

"Biki ka tarar. Sau ɗaya a shekara jama'ata kan baro unguwanninsu, wasu daga nesa ƙwarai, su haɗu a wuri guda, a lokaci guda, su zuba ƙwai tare, don masu cin ƙwai su ƙoshi su bar saura. Ba su guje maka ba domin a ranar nan ba sa ganin kome sai juna. Haihuwar shekara guda ka kwashe, da iyayenta."

Arzika ya ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Ka ga ba su gudu ba. A gulbinku kifi ba ya gudun taru?"

Ya sunkuyar da kai. Sarki ya ci gaba, "A ƙuruciyata ni mace ce, na zuba ƙwai shekaru masu yawa. Da na tsufa na girma sai na koma namiji, haka jinsina yake. Saboda haka na san ciwon uwa, na san na uba, kada ka yi mini bayanin ko ɗaya. Na riƙe haihuwar zangonku, kuma zan riƙe ta har cikin matarka ya zama kabarinta, sai fa in ka ɗauki aikin wanda ka kashe."

"Na ɗauka, ko mene ne."

"Ji tukuna. Masu saurin amsawa su ne masu saurin haɗiyewa."

Aka shigo da wata 'yar kifi ja mai manyan idanu, tana tura wani curin ƙwai kamar lemon tsami, kowane ƙwai bai kai ƙwayar gero ba. Sarki ya ce a gidan su wannan, uwa ke zuba ƙwai, uba ya ɗauke su a bakinsa, ba ci, ba magana, har su ƙyanƙyashe. Mijinta yana cikin tarun Arzika, kuma wannan curi shi ne abin da ya rage na shekarar.

"Za ka ɗauke shi a bakinka, ka tsaya a kafar da ka datse. Ka riƙa juya shi da harshe don ruwa ya ratsa. Ranar da suka fita, matarka za ta sauka. In ka tofar, ta mutu. In ka yi magana, ta mutu. Abin da ka haɗiye kuwa ya shiga gidanka, amma namu ne, kuma za mu kira shi."

'Yar kifin ta matso kusa da fuskarsa. Ta ce, "Shi mijina in zai juya su, a hankali yake yi, daga hagu. Sun saba da haka." Ta turo masa curin. Arzika ya buɗe baki.

Wanzami ya mai da shi kafar, ya tsayar da shi a kan murjani inda ruwa ya kai masa haɓa, ya tafi. Daga nan yana hangen rufin bukkokin Zangon Gishiri, har da nasa.

Rana ta fito ta faɗi, ta sake fitowa, har ya daina lura. Salla ma da zuci yake yi. Murjani ya tsattsage masa tafin ƙafa, gishiri ya shiga. Yunwa ta murɗe shi, kuma abin da ya fi ba shi tsoro shi ne curin nan yana da daɗi a harshe, maƙogwaronsa yana motsi da kansa. Yawu ya taru, ya koyi barinsa ya zuba ta gefen baki. Tari ya zo, ya danne shi har hawaye suka fito. Masu haƙoran zarto suka zo suka jeru a bakin kafa, suna duban leɓɓansa. Mai fatar toka ya goga masa jiki a cinya ya ce, "Ka gaji, masunci. Ce mini in tafi, sai in tafi. Kalma ɗaya." Arzika ya rufe ido, ya juya ƙwan daga hagu.

Sannu a hankali ya fara jin motsi a kan harshensa, kamar ana yi masa susa da gashin tsuntsu. Sun yi idanu. Sun kusa.

A wani hantsi iska ta juyo daga tudu, ta kawo masa murya.

"Arzika!"

Muryar Tumba ce. Ya ce a ransa aikin mutanen ruwa ne, don Tumba ba ta kama sunansa, ko wuƙa aka sa mata a wuya. Sai wani tunani ya biyo baya, wanda ya fi na farko muni: in fa ita ce, to, ta kai inda kunya ba ta da sauran amfani.

"Arzika! Kana ina? Arzika!"

Gida ga shi nan, iyo kaɗan ne. Amsa ta taso daga cikinsa, ta cika ƙirji, ta hau wuya. Ya danne bakinsa da hannu biyu, ya dulmiya kansa cikin ruwa don kada ya ƙara ji. Cikin wannan kokawa maƙogwaronsa ya motsa sau ɗaya. Ya ji wani ɗan abu, ƙanƙane, mai rai, ya wuce.

Bai san tsawon zaman da ya yi a ƙarƙashin ruwa ba. Sai ya ji bakinsa ya cika da rawa. Ya buɗe leɓɓansa a hankali, 'ya'yan kifi suka fito kamar hayaƙi, kowane ɗaya kamar tsinken gilashi mai idanu. Ganuwar azurfa ta taso daga zurfi ta kewaye su, ta juya sau ɗaya, ta nitse da su. Wanzami kaɗai ya rage.

Ya ce, "Sarki ya saki abin da ya riƙe. Saura ɗaya, ɗan Adam."

Arzika ya ce da muryar da ta dushe, "Ban yi da gangan ba."

"Mun sani. Taron ma ba da gangan ka kwashe ba."

Ya fito gaɓa da rarrafe. Tun daga nesa ya ji zangon ya rikice da kukan 'yan awaki da guɗa daga gida zuwa gida. Gwaggo Hajo ta tare shi a ƙofa, hannayenta a jiƙe.

Ta ce, "Dube shi, kamar an tono shi. Mace ce, lafiyayya. Uwar ta leƙa lahira ta dawo. Kai kuwa da ka ji abin da ta yi ta kira da ƙarfi, har maƙwabta..."

Daga cikin ɗaki Tumba ta ce, "Gwaggo!"

Ya shiga ya durƙusa. Tumba ba ta dube shi ba, bango take kallo. Ta ce a hankali, "Na kira, Maigida. Ba ka amsa ba."

Ya ce, "Na ji."

Ta tura masa jaririyar. Ya ɗauke ta ya kai bakinsa kunnenta don ya yi mata kiran salla, sai ta buɗe ido. Manya ne, zagayayyu, ba su ƙifta ba.

Aka sa mata suna Yalwa. Ta girma da hankali da fara'a, babu abin da wani zai nuna a jikinta. Arzika ya yanka tarunsa ya yi igiyar ɗaurin awaki da shi, ya tsaya a gaban masuntan zangon ya gaya musu abin da ke faruwa a kafar nan, tun daga lokacin ba a sake jefa kome cikinta ba in kifi ya taru. Amma shekarar da Yalwa ta fara tafiya, da lokacin bikin ya zagayo, aka neme ta da la'asar aka rasa. A bakin teku ya same ta, ruwa ya kai mata gwiwa. Can nesa taron kifi yana juyawa, in ya karkata dama ta karkata dama, in ya karkata hagu ta bi, ba ta ko kuskure.

Kashegari ya kwashe iyalinsa suka yi yamma. Bai ƙetare zuwa Makka ba, don hanyar ta kan ruwa ce. Suka zauna a wani gari, da shekara ta zagayo yarinyar ta fita tsakar gida da la'asar, ta fuskanci gabas ta fara karkata, sai ya sake ɗaure kaya. Haka suka yi ta yi, gari bayan gari, har suka kai inda ba wanda ya taɓa ganin teku, inda rijiya ma sai an haɗa igiya da igiya. A can tsufa ya kama shi.

Yalwa ta zama budurwa. Wata la'asar tana tsaye a tsakar gida, fuskarta gabas, uban yana zaune a bakin ƙofa ya tare hanya da sandarsa kamar yadda ya saba kowace shekara. Ba ta juyo ba ta ce, "Baba, bana sun fi bara yawa."

Ya ce, "Su wa, 'yata?"

Ta ce, "'Yan'uwana. Suna tambaya ko ka gaji."

Arzika ya ƙara riƙe sandar da hannu biyu, ya rufe bakinsa kamar yadda ya rufe shi a kafar nan.